Babi na Shida: Zanzibar da Iyali, Inda Teku ke Riƙe da Agogo

Da zarar dogon hutun makaranta ya gabato, a gidajen masu ɗan hali ake fara jin tambayar nan: bana ina za a kai yaran nan? An lissafa Dubai, an lissafa Masar, sai wani ya miƙo waya da hoton farin yashi da shuɗin ruwa, ya ce Zanzibar. Nan take maigida zai gyara zama ya yi tambayar da ta fi ta farko nauyi. Wurin nan na irinmu ne kuwa? Mutum da matarsa da 'ya'ya huɗu, autar ba ta daɗe da yaye ba, kuma kaf cikinsu babu wanda ya iya iyo, me za su je yi a tsakiyar teku har mako guda?

Na irinmu ne, har ma ya fi wurare da yawa da muke rububin zuwa. Sai dai hutun tsibiri yana da nasa sharaɗi. Hoton da aka gani a waya an ɗauke shi ne a wata sa'a, a wani wata, a wani gefe na tsibirin. Wanda bai san waɗannan ukun ba zai biya kuɗin hoton, ya je ya tarar da wani abu daban.

Wane irin wuri ne?

Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda baƙi ke nufi, tsawonsa kimanin kilomita 85, ka ga mota za ta ratsa shi daga kudu zuwa arewa tsakanin hantsi da azahar. Ƙidayar 2022 ta ce mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Sarakunan Oman sun mulke su, har Sarki Sayyid Sa'id ya bar Maskat ya mai da fadarsa can a wajajen 1840. An kifar da sarautar a Janairun 1964, a Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Amfanin wannan tarihi ga mai iyali a fili yake. Kiran salla zai tashe ka da asuba. Uwargida ba za ta zama abin kallo ba don ta sa hijabi, domin matan garin ma haka suke fita. Nama na yanka ne. Galibin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa 'yan asalin Oman, waɗanda ke sakin hannu a salla, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a cikin Malikawa. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107.

Takardu tukuna

A nan ake yawan tuntuɓe. Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar da Chadi ba a buga musu bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ta intanet ake nema, takardun su je hedikwatar hukumar shige da fice a duba, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da kimanin wata biyu kafin tafiya. Kowane yaro da tasa bizar, ko da jinjiri ne. Saboda haka kada a sayi tikitin da ba a iya ɗaga ranarsa kafin amsa ta fito.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Na yara ake mantawa a duba. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, kuma allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai bayan kwana goma da yin ta. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babba, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardun haihuwarsu da wasiƙar amincewar mahaifinsu.

Hanya mafi sauƙi daga Kano ko Abuja ko Yamai ita ce jirgin Habasha, a sauka Addis Ababa a canja wani zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume. Masu bi ta Darussalam kuma su hau jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu. Da ƙananan yara, ni dai na fi son a sauka kai tsaye a tsibirin. In kuwa sai an bi ta ruwa, a ɗauki jirgin safe, domin da yamma teku ya fi tashi, yara su yi ta amai.

Wani wata ya fi wani

Zanzibar damina biyu gare ta. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har wasu otal-otal sukan rufe. Ƙaramar tana zuwa wajajen Nuwamba, a yi ruwa a ɗauke rana ta fito. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai gumi. Mutumin Sakkwato zai ce wane zafi za a nuna masa, amma zafin da ya sani busasshe ne, na can kuwa jiƙe yake, gumi ba ya bushewa a jiki, yaro ya kwana yana juyi.

Sa'ar da muka yi ita ce dogon hutunmu na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba ya faɗo daidai da lokacin da ya fi daɗi: ba ruwan sama sosai, ga iska mai sanyi daga kudu. Tsadarsa kawai, don Turawa ma lokacin suke hutu. Hutun Afrilu kuwa, komai arahar da aka yi maka talla, ka san dalilinta.

Azumi ma abin dubawa ne. Da rana gidajen abinci da yawa a cikin birnin Zanzibar a rufe suke, kuma ba a cin abinci a kan titi. Amma wanda ya dace da ƙaramar salla a can ya more, don kwana huɗu suke yi suna shagali, yara cikin sababbin kaya sun cika filin Mnazi Mmoja.

Teku mai tafiya ya dawo

Ga abin da dillalin tafiye-tafiye ba ya faɗa. Wanda ya saba da kogi ko madatsar ruwa yana zaton bakin ruwa wuri guda ne. A teku ba haka ba ne. Sau biyu a kowace rana ruwa yana cika ya kawo har gindin bishiyoyin kwakwa, sau biyu kuma yana janyewa. A Zanzibar bambancin tsayin ruwan tsakanin cika da janyewa yakan kusa mita 4. A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗe yake, don haka in ruwan ya janye sai ya yi nisan kilomita guda ko fiye. Iyalin da suka iso da tsakar rana suka ruga bakin ruwa za su iya tarar da fili fetal, yashi da duwatsu da ciyawa, ruwan can nesa kamar zare.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangare, ruwan ba ya nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Shi ya sa otal-otal suka yi cincirindo a can. Amma gangaren nan da ke daɗaɗa wa gwanin iyo shi ne haɗari ga yaro, taku kaɗan ruwa ya sha kansa.

A ganina, iyalin da ba su iya iyo ba gabas ta fi musu. Janyewar ruwan da wasu ke kuka da ita ita ce filin wasan yara. Ruwa yakan rage a 'yan ƙananan kududdufai masu ɗumi, iya idon sawu ko gwiwa, cike da ƙananan kifaye da ƙaguwa da kifin nan mai siffar tauraro. Za a ga matan ƙauye zaune cikin ruwa suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi, sana'ar da ta kafu a yankin tun wajajen 1989, ana busar da ciyawar a fitar da ita ƙasashen waje. A hana yara taka gonakin nan, abincin wasu ne. A kuma nemi izini kafin a ɗauki matan hoto.

Haɗarin gabas yana wajen dawowar ruwan. Wanda ya taɓa ganin busasshen rafi ya cika farat ɗaya da ruwan saman da aka yi a wani gari zai gane abin da nake nufi. Ruwan ba ya zuwa a layi ɗaya daga gabanka. Ramuka da kwazazzabai yake fara cikawa, sai ka waiga ka ga tudun yashin da kuke tsaye a kai ya zama tsibiri, ruwa ya shiga tsakaninku da gaɓa, ga goyo ga mai shekara biyar a hannu.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kowane otal yana da jadawalin cika da janyewar ruwa, wasu a allo suke rubuta shi kullum. Shi za a fara tambaya kafin lambar intanet. A fita yawo a kan yashi lokacin da ruwa ke kan janyewa, a juyo gida da zarar sa'ar da ya kai ƙarshen janyewarsa ta yi. Lokutan suna matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana, don haka abin da ya yiwu da ƙarfe tara ranar Litinin ba zai yiwu da ƙarfe tara ranar Alhamis ba. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da wata dama a nan: wata ne ke jan ruwan. A kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwa ya fi cika, ya fi janyewa nesa, ya fi dawowa da sauri. A wajajen bakwai da ashirin da biyu ga wata motsinsa kaɗan ne.

Da wannan jadawali za a tsara komai, har cin abinci da barcin rana da fita gari.

Yaro da ruwa

Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim. Shiru yake yi. Kuma galibi ba lokacin da babu manya abin ke faruwa ba, lokacin da manya suka yi yawa ne kowa na zaton wani na kallo. A riƙa ambaton suna: "Baban Amira, yanzu kai ne da su, ni zan yi salla." Wanda ke kan aiki ya ajiye waya. Kada a ɗora wa yayarsu mai shekara goma sha biyu wannan nauyi. Galibin gaɓar tsibirin ba ta da masu ceto, kuma kwamin iyo na otal ya fi teku kusa da ƙofar ɗaki.

A taho wa kowane yaro da rigar hana nutsewa daidai jikinsa. Balan-balan ɗin hannu da tayar roba kayan wasa ne kawai. Masu kwale-kwale sukan ce akwai riguna, in an je a tarar na manya ne. Kwale-kwalen da ba shi da rigar kowa, ko aka yi masa lodi fiye da ƙima, a fasa shiga ko da an biya. Mutanen tsibirin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumban 2011 saboda yawan lodi ba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta.

Takalmin roba mai rufe ƙafa ya zama dole saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai ƙayoyi da ke lafewa tsakanin duwatsu. In ta soki yaro, a jiƙa ƙafar cikin ruwa mai zafi gwargwadon abin da zai iya jurewa, kada a yi ta tono da allura, a kai shi a duba. Ranar can kuma tana ƙona har baƙar fata, musamman kafaɗu da hanci, don ruwa da farin yashi suna dawo da hasken. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku a zauna a inuwa.

Uwargida da 'yan mata kada su zauna gadin takalma. Akwai kayan iyo masu rufe jiki gaba ɗaya, a saya tun daga gida. Doguwar abaya a cikin ruwa haɗari ce, tana nauyi ta naɗe ƙafa. A Nungwi akwai wata ƙungiya mai suna Panje da ta yi fice wajen koya wa matan garin da yaransu iyo cikin irin waɗannan kaya, ka ga ba wani baƙon abu za a yi ba.

Masauki

Manyan otal-otal da ke haɗa kuɗin kwana da ci da sha wuri guda don Turawa aka gina su, kuma wani kaso na kuɗin na giyar da ba za ka sha ba ne. Wasunsu ma ba sa karɓar yara. Ga iyali mai mutum shida, gida sukutum mai madafi yakan fi ɗakuna biyu ko uku na otal araha, ga sirri, ga damar dama wa yaro kunu da asuba. A tambayi abu huɗu kafin a biya: gidan sauro a kowane gado, janareta, na'urar sanyaya ɗaki, da ko an kewaye kwamin iyo. A Kendwa ana yin casu na dare duk wata idan wata ya cika, mai son barci ya duba kwanan wata.

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin amma bai ƙare ba. Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, a cikin gari yake, tafiyar fiye da awa guda daga Nungwi. Jakar magani ta ƙunshi maganin zazzaɓi na yara, da gishirin gudawa, da duk wani maganin da wani ke sha kullum.

Ci da sha

Yara ba za su sha wahala ba. Akwai shinkafar pilau mai kayan ƙamshi, da biriyani, da soyayyen dankali da ƙwai, da mishkaki, wato tsirensu, ga mangwaro da abarba da ruwan kwakwa. Da magariba lambun Forodhani da ke bakin ruwa yakan cika da masu tebura, ana sayar da miyar urojo mai tsami da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. A ci abin da aka dafa a gabanka. Kifi da jatan landen da aka jera tun la'asar ana jiran mai saye, a wuce su, kuma a ji farashi kafin a ɗora a wuta.

Yaron da bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba a fara masa da kaɗan, da rana, don wasu jikinsu ba ya karɓa. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Doka ta hana, kuma yakan ɗauki guba. A Maris 2024 ya kashe yara takwas a Pemba. Ruwan sha na gora kawai.

Kwana biyu a tsohon gari

Kada a ƙare hutun duka a kan yashi. Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Lungunansa mota ba ta shiga, keken tura jariri ma wahala ne, zanen goyo ya fi. A kalli ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Gidan nan Baitul Aja'ib da Sarki Barghash ya gina a 1883 wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, daga waje za a gan shi. Yaran da suka yi wayo a kai su inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, inda aka gina majami'a daga baya. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nunawa a can suna da ƙunci da tayar da hankali, ƙanana su tsaya a waje.

Tafiyar kusan rabin awa a kwale-kwale za ta kai ku tsibirin Changuu, inda manyan kunkuraye suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari. A dajin Jozani, kan hanyar Paje, akwai jajayen birai da babu irinsu a ko'ina sai Zanzibar. Ba a ba su abinci, ba a taɓa su. Amma abin da na ga ya fi zama a ran iyaye mata shi ne gonar kayan ƙamshi. Matar da ta shekara ashirin tana jefa kanumfari a kunu da shayi za ta ga ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, kirfa ɓawon bishiya ce, masoro kuma yaɗo yake yi a jikin wata bishiyar. Tsaraba dai a jira a saya a kasuwar Darajani, ta fi araha.

Yawon kallon kifayen dolfin a Kizimkazi ban cika ba masu ƙananan yara shawararsa ba. Sammako ne, ruwa mai zurfi, kwale-kwale da yawa suna tseren bin dabbobin.

Ƙarfe biyu na safe

Direba zai iya ce maka zai zo ƙarfe biyu na safe, kada ka firgita. Masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu, biyunsu kuwa takwas ce. Duk alƙawarin mota ko kwale-kwale, a nuna lokacin a fuskar waya kowa ya gani. Agogonsu na hukuma yana gaban na Najeriya da awa biyu. A hagu suke tuƙi, a riƙe hannun yara wajen tsallaka titi, don idonsu ya saba duba ɗaya ɓangaren. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai baki uku. Jakar leda an haramta shigowa da ita Tanzaniya tun 2019.

Kuɗinsu shilin ne. A tafi da dala sababbin bugawa, don masu canji suna ƙin tsofaffi, a canza a cikin gari inda farashi ya fi na otal. Kada a dogara da katin naira. A bakin ruwa samari 'yan kamasho za su yi ta tare ku da tayin yawo da kayan tsaraba. Sallama da "asante" cikin fara'a, a ci gaba da tafiya, ta wadatar. In za a yi ciniki, a tabbatar ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na kwale-kwalen duka, ko ya haɗa da kuɗin shiga, kuma kada a biya duka sai an dawo.

Fita ɗaya a rana ta isa. Ranar isowa kada a tsara komai, daren jiya a filin jirgin Addis Ababa aka yi shi.

Da yake bizar da aka sha wahalar samu ta Tanzaniya ce gaba ɗaya, iyalai da yawa sukan so su tsallaka babban yankin su nuna wa yara zaki da giwa da raƙumin dawa a dajinsu. Wane gandun daji ne ya fi kusa da Darussalam, yaro ɗan shekara nawa zai iya jure wuni a cikin mota, kuma me ya sa kuɗin kwana biyu a can kan kai na mako guda a bakin teku? Babi na bakwai zai ɗauko daga nan.